Tukunyar da ke Ƙarƙashin Tirela

Motar da aka yi wa lodin masara ko wake a Dawanau, ko ta shanu a kasuwar Dambatta, ba kayan 'yan kasuwa kaɗai take ɗauke da su ba. A gefen bodinta akwai wani akwatin ƙarfe mai kwaɗo, a cikinsa kuwa tukunya ce da kurfoti ko 'yar tukunyar gas, da shinkafa a gindin buhu, da wake, da taliya, da galan ɗin man gyaɗa, da kwalbar yaji, da ƙullin kuka da daddawa, ga jarkar ruwa ɗaure da igiya. Idan aka ya da zango a Tafa ko Mokwa ko Jebba, sai yaron mota ya shiga ƙarƙashin tirela ya hura wuta, kafin a idar da sallar isha garau-garau ya nuna. Da yawa daga cikin direbobin nan da yaransu 'ya'yan ƙauyukan arewacin Kano ne, irin su Bichi da Kunchi da Tsanyawa da Makoɗa da Minjibir da Dawakin Tofa, inda gona ke jingine da gona, babu saura babu daji, rabon gado kuma ya yi ta yanka fili har ya zama abin da aka noma ba ya kai gida wata damina. Tun shekarun 1960 masanin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarin yadda jama'a suka cushe a wannan karkara suna noma gona ɗaya kowace shekara da ƙarfin taki. Ɗan da gona ba ta ishe shi ba shi ne ya hau titi. Bahaushe da kalma ɗaya yake faɗin tuƙin mota da tuƙin tuwo, ga shi kuwa hanya ta haɗa wa mutum ɗaya duka biyun.

Tambayar da nake son in tsaya a kanta ita ce matsayin akwatin nan a addini: raunin tawakkali ne, ko kuwa shi ne kamannin da tawakkali ke ɗauka idan ya hau hanya? Ba a zauren malamai kaɗai ake yin ta ba. A tasha ma akan ce wa direban da ya cika tanadi, "Malam, duk wannan kaya na mene ne, bakin da Allah ya tsaga ai ba ya hana shi abinci." Masu wannan magana kuwa ba su rasa madogara ba, kuma bai kamata a raina ta ba. Suna da hadisin da Tirmizi ya ruwaito, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kwatanta mai cikakken dogaro ga Allah da tsuntsu, ya fita da safe cikinsa wayam ya dawo da yamma a ƙoshe. Suna da ruwayar da ta nuna cewa shi kansa ba ya ajiye wa kansa abin gobe. Suna da labaran waliyyan da suka ratsa sahara ba ƙullin komai a hannunsu. Idan aka haɗa waɗannan da abin da kowane Musulmi ya yi imani da shi, cewa arzikin bawa a rubuce yake tun yana cikin mahaifiyarsa, sai akwatin ya yi kama da shakka, kamar mutum yana cewa bai tabbata za a ciyar da shi a Ogbomoso ba sai ya taho da abincinsa daga Bichi.

Amma Alƙur'ani ya riga ya yanke hukunci a kan ainihin wannan mas'ala, kuma a kan tafiyar da ta fi kowace tafiya tsarki. Buhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa wasu mutanen Yaman sun kasance suna fita aikin hajji ba guzuri, suna kiran kansu masu tawakkali, idan sun isa Makka kuma sai su shiga roƙon mutane. A kansu aya ta 197 a Suratul Baƙara ta sauka, tana umartar su da su yi guzuri, a wuri guda kuma tana tuna musu cewa taƙawa ce ta fi kowane guzuri. Abin lura shi ne ayar ba ta raba biyun ba. Ba ta ce a bar garin tafiya a riƙe taƙawa ba, ta sa su a jaka ɗaya ne. Dalilin saukarta kuma ya tona asirin abin da ke faruwa idan mutum ya ƙi guzuri: ba ya fita daga dogaro da sababi, sauya sababin kawai yake yi, ya bar jakarsa ya koma jakar wani. Direban da ya fita ba tanadi, mota ta lalace masa a dajin Birnin Gwari, ba daga sama abinci zai sauko masa ba. Tukunyar abokin aikinsa zai nufa, wato shi wancan da ya yi wa dariyar yawan kaya. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya gamu da irin waɗannan mutane, ya ƙi yarda da sunan da suka ba kansu, ya ce mai tawakkali shi ne wanda ya jefa iri a ƙasa sannan ya dogara ga Ubangijinsa. Ɗan manomin Kunchi ba ya bukatar a yi masa sharhin wannan, don ya san ba a taɓa girbe gonar da ba a shuka ba, ya kuma san shukar ba ita ke saukar da ruwan sama ba.

Sauran hujjojin ma idan aka duba su da kyau wannan gefen suke rinjaya. Tsuntsun da aka yi misali da shi fita yake yi, ba ya kwana a sheƙa yana jira. Annabi Musa, a tafiyarsa ta neman ilimi da Suratul Kahfi ta ba da labari, da kifi suka fita shi da yaronsa, da gajiya ta kama su kuma ya nemi a kawo kalaci. Ranar hijira, Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar ta tsaga ɗamararta biyu don ta ɗaure jakar abincin tafiyar, har ta sami laƙabi daga wannan aiki. Annabin da bai ajiye wa kansa abin gobe ba, shi ne kuma Buhari ya ruwaito yana ware wa iyalinsa abincin shekara. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, kuma ba wanda zai zarge shi da ƙin sufaye, ya gindaya sharuɗɗa masu tsauri kafin mutum ya shiga daji ba guzuri: sai wanda ya horar da kansa har yana iya jure yunwar kusan mako ba tare da zuciyarsa ta rikice ba, yake kuma iya rayuwa da ciyawar daji. Wanda bai kai nan ba, jefa kai ga halaka ya yi. Ya kuma ambaci cewa Ibrahim al-Khawwas, wanda ya shahara da irin wannan tafiya, ba ya rabuwa da allura da almakashi da igiya da abin ɗiban ruwa. To waliyyin ma kansa kaɗai ya ɗauka. Direba kuwa yana ɗauke da tan talatin na dukiyar mutane, da yaro ko yara biyu, da rayukan duk wanda zai yi kiciɓis da shi a kan titi.

Akwai wani abu kuma da na fi ba muhimmanci. Ana ɗauka mai guzuri shi ne mai son ya mallaki gobe, alhali a kan hanyar Legas abin akasin haka ne. Wanda ya fita da kuɗin abincin kwana biyu kacal, shi ne ya yi da'awar sanin gaibu: ya yanke cewa zai isa cikin kwana biyu, cewa mai tuwon da ya saba tana nan, cewa gada ba za ta karye ba. Hanyar kuwa ta sha ƙaryata wannan lissafi. A watan Yunin 2017 gadar Tatabu da ke tsakanin Mokwa da Jebba ta rufta, motoci suka yi cirko-cirko. A shekarun da cunkoson Apapa ya yi tsanani, direbobi sun yi kwanaki, wasu makonni, a layi ɗaya kafin su shiga tashar jirgin ruwa. A ƙarshen Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta dakatar da kai kaya kudu, aka tsare motoci a wajen Jebba na kwanaki. Da aka rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, motocin da suka bi ta Kazaure da Daura suka maƙale a Kwangwalam, wasu a Jibiya da Illela, kuma Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris ɗin 2024. Mutumin da ya zuba mudu biyar na shinkafa a akwati don tafiyar da aka ce ta kwana uku ce, abin da yake faɗa da aikinsa shi ne bai san abin da Allah zai hukunta ba, kuma ba zai ɗora wa kowa nauyin rashin saninsa ba. Wannan ya fi kusa da ma'anar in sha Allahu fiye da fita hannu rabbana.

Sai dai tanadi yana da nasa ilimi, kuma a nan ne tarbiyyar karkarar Kano take amfani, a nan ne kuma take iya yaudarar mutum. Gidan da ya saba sa damman gero a rumbu ba a sussuke ba yana bin dabarar da Annabi Yusuf ya ba mutanen Masar ne, ta barin hatsi a zangarniyarsa. Uwayen direbobin nan sun san abin da ke kashe abinci danshi ne, shi ya sa guzurin Bahaushe tun zamanin fataken goro da ke shafe watanni tsakanin Kano da Gwanja kusan duk busasshe ne ko soyayye: kilishi, dambun nama, ƙuli-ƙuli, dakuwa, kauɗar tumatir, busasshiyar kuɓewa, garin kunu. Wannan ilimi ingantacce ne. Inda matsalar take shi ne dafaffen abinci. A gida an saba da ɗumamen tuwo, wanda ya kwana a sanyin dare aka sake tafasa shi da safe. Kan mota a watan Afrilu, lokacin da zafi ke kai maki 40, ga ɗumin inji a ƙasa, ba ɗakin tsohuwa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya tana gargaɗin kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba cikin sanyi ba, ba kan wuta ba. Shinkafa ta fi haɗari, don akwai wata ƙwayar cuta da dafuwa ba ta kashe irinta, idan shinkafar ta huce ta zauna sai ta fitar da dafin da ɗumame ba ya karya shi. Gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna tana ɗauke da gubar da ke cin hanta a hankali. Ruwan jarka kuma sai an san inda aka ɗebo shi, domin a 2021 an ƙirga sama da mutum 100,000 da ake zaton kwalara ta kama a Najeriya, kuma Kano da Jigawa da Bauchi na cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna.

A nan mai tsoron Allah yakan shiga tsaka mai wuya. Ya taso an koya masa cewa ko ƙwayar tuwo ce ta faɗi a ɗauke ta, ya san almubazzaranci zunubi ne, sai ya buɗe kula da la'asar ya ji shinkafar safe ta fara sauya ƙamshi, zuciyarsa ta ce zubarwa butulci ne. Ina ganin a wannan hali cinta ne laifi. Shari'a ta haɗa halacci da kyawu a abin da za a ci, ta kuma hana cutar da kai da cutar da wani. Direban da ciki ya murɗe masa a gangaren da ke bukatar dukan hankalinsa ba kansa kaɗai ya jefa cikin haɗari ba. Almubazzarancin ma ba a lokacin zubarwa ya faru ba, tun da safe ya faru, lokacin da aka auna gwangwani shida alhali uku za a ci. Gyaran yana wurin awo: a ajiye ɗanye da busasshe, a dafa daidai ciki. Haka hukuncin wuta yake. Hura gawayi a cikin kan mota a rufe gilashi saboda sanyin hunturu na iya kashe mai barci ba tare da ya farka ba, kunna risho kusa da tankar mai kuwa ba abin da za a tsaya jayayya a kansa ba ne ga duk wanda ya ji abin da gobarar tanka ta yi a Majiya ta Jigawa a Oktoban 2024, ko da yake ita ba girki ne ya tashe ta ba.

Suka ta biyu daga wani ɓangare take zuwa, kuma ta fi ta farko nauyi. Ana cewa direban arewa yana girkinsa ne don yana ƙyamar abincin mutanen da yake ratsa ƙasarsu, tukunyar tasa katanga ce. Ba zan ce babu gaskiya a ciki ba. Kula da abin da ke shiga ciki wajibi ne, kuma hadisin da ya fi tsoratarwa a wannan babi a kan matafiyi ya zo: Muslim ya ruwaito misalin mutumin da ya yi doguwar tafiya, ya yi buɗu-buɗu da ƙura, ya ɗaga hannu yana kiran Ubangijinsa, amma cinsa da shansa da suturarsa duk haram, aka nuna da wuya a amsa masa. Sai dai taka-tsantsan daban, zato daban. Aya ta 5 a Suratul Ma'ida ta halatta abincin Ma'abota Littafi. Da aka tambayi Annabi game da naman da wasu sababbin shiga Musulunci ke kawowa, ba a san ko sun ambaci sunan Allah wurin yanka ba, umartar masu tambayar ya yi su ambaci sunan Allah su ci. Samarin Kogo ma da suka farka, ɗayansu suka aika da kuɗi ya shiga birni ya zaɓo mafi tsarkin abinci ya sayo, ba su ce duk na birnin ƙazanta ne ba. Ga shi kuma hanyar ta bi ta ƙasar Nufe da Ilori da Ibadan, garuruwan da Musulunci ya daɗe da kafuwa. Mai saye daga hannun matar da ke soya doya a bakin titi bai yi laifin komai ba, ita ma neman halalinta take yi, kuma ayarin fatake na dā tare da mata masu dafa abinci yake tafiya, yana saye a kowane zango.

Idan za a nemi haram a abincin direba, na fi jin tsoron a same shi a cikin akwatinsa. Shinkafar da aka tsiyaya daga buhun ɗan kasuwa, man da aka zuƙe daga tanki aka sayar aka yi cefane, kuɗin abincin yaro da maigidansa ya karɓa ya danne, waɗannan ba sa tsarkaka don an dafa su da hannun Musulmi an yi bismilla. Hadisin matafiyin nan ya fi nuni ga inda dukiya ta fito fiye da wanda ya riƙe wuƙa. Mutum na iya ƙin cin naman Okene don tsantseni, alhali tuwon da yake ci a madadinsa na amanar da aka ba shi ne.

Daga nan ake gane ma'aunin da ke raba tanadin mai tawakkali da tanadin mai tsoro, tunda a ido akwatinsu iri ɗaya ne. Ma'aunin shi ne ko murfin yana buɗuwa. Wanda ya ɗauki guzurinsa sababi ne kawai, ya san mai ciyarwa daban, hannunsa ba ya rawa idan ya ce wa direban da motarsa ta kwana uku a lalace, "Bismilla, Alhaji, matso." Wanda kuma zuciyarsa ta rataya ga gwangwanin shinkafar, shi ne mai juya baya ya ci, ko da kuwa ya fi kowa ambaton rabo. Hausawa sun ce ci naka in ci nawa ba rowa ba ce, mugun zama ne. Annabi ya yabi mutanen ƙabilar Ash'arawa, har ya danganta kansa da su, saboda idan guzurinsu ya yi ƙasa a tafiya sukan tara abin da ya rage a mayafi ɗaya su raba daidai. A wata tafiya kuma ya umarci duk mai rarar guzuri ya miƙa wa marar shi, har sahabban suka ɗauka ba wanda ke da haƙƙi a cikin abin da ya yi masa rara. Direbobin da ke tafiya a ayari, wannan ya kawo mai wancan ya kawo wake su ci a faranti ɗaya, suna raya wannan sunna ko sun san sunanta ko ba su sani ba.

Wanda ya fi kowa haƙƙi a tukunyar kuwa shi ne wanda ya hura wutarta. Yaron mota, da wasu ke kira da sunan da bai dace da ɗan Adam ba, shi ke sa waigi a taya, shi ke ɗebo ruwa, shi ke shan hayaƙi, sau da yawa kuma shi ke jiran ƙanzo bayan oga ya tashi. Buhari ya ruwaito umarnin cewa idan mai hidima ya kawo wa mutum abinci, in bai zaunar da shi sun ci tare ba, to ya ba shi loma ɗaya ko biyu, domin shi ya sha zafin dafa shi. Lomar nan ita ce mafi ƙarancin abin da aka yarda da shi, zaman tare shi aka fara ambata. Yaron nan galibi ɗan maƙwabci ne daga Tsanyawa ko Makoɗa, wanda ubansa ya damƙa shi amana don ya koyi sana'a, tunda gonar gado ba za ta ɗauke shi da 'yan'uwansa ba. Haƙƙin kuma bai tsaya kan direba ba, ya hau kan mai motar da ke zaune a Kano yana lissafin kuɗin hanya kamar ba a taɓa yin tsaiko ba. Idan giya ta lalace a tsakanin Tegina da Mokwa, direba ne ke hawa wata mota ya tafi neman kayan gyara, yaron ake bari ya yi gadin tirela da lodinta, wani lokaci har mako guda, a wurin da ba shi da kowa kuma ba lalle ya ji harshen mutanen ba. Abin da aka bar masa a akwatin, da 'yan kuɗin da aka damƙa masa kafin a tafi, su za su yanke ko zai ci nasa, ko zai yi bara a bakin titi, ko zai sa wuƙa a buhun da aka ba shi tsaro. In ya sa wuƙar, waɗanda suka bar shi da akwati wayam suna da kaso a cikin laifin.